Tarar fashin makaranta a Ingila: A hukunta wanda ya ɗauke yaro, a saurari wanda bai sani ba

Tun daga ranar 19 ga Agustan 2024, duk yaron da ya yi fashin makaranta na kwana biyar ba da izini ba cikin makonni goma na karatu a Ingila, wajibi ne a duba yiwuwar cin iyayensa tara. Fam 80 ne idan an biya cikin kwana 21. Idan aka wuce haka, kuɗin ya koma fam 160, kuma dole a biya kafin cikar kwana 28. Ana lissafa tarar a kan kowane yaro, sannan uba da tasa takardar, uwa da tata.

Ga mata da mijin da ke gida ɗaya, waɗanda suka yi shawara tare suka sayi tikitin jirgi tare, babu abin cewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen iyayen da aurensu ya mutu. Takardar tara na iya iso wa uban da bai san an yi tafiyar ba, ko uwar da ta sani ta ce ba ta yarda ba. Wanda hakan ta faɗa wa ba shi da wata hukuma mai zaman kanta da zai kai wa ƙara. Ko dai ya biya kuɗin laifin da bai aikata ba, ko ya jira sammaci daga kotun da ke hukunta masu laifi.

Wannan tsari yana buƙatar gyara. Hukunci ya kamata ya bi wanda yake da ikon yanke shawara ranar da yaron bai je aji ba. Wanda kuma ya ce ba shi da hannu, ya cancanci a saurare shi kafin a kira shi mai laifi.

Abin da doka ta tanada

Tushen maganar yana cikin Dokar Ilimi ta 1996. Sashe na 444 ya ce idan yaron da ya kai shekarun karatun dole, wato daga biyar zuwa 16, bai halarci makarantar da aka yi masa rajista yadda ya kamata ba, iyayensa sun aikata laifi. A ƙaramin matakin laifin, kotu ba ta tambayar niyya. Ba ta tambayar ko mutum ya sani. Abin da kawai mai gabatar da ƙara zai nuna shi ne yaron ya yi fashi, kuma wanda ake tuhuma mahaifinsa ne a idon doka. Tarar wannan mataki na iya kai wa fam 1,000.

Akwai mataki na biyu mai tsanani, na wanda ya san yaro ba ya zuwa makaranta ya ƙi ɗaukar mataki ba tare da uzuri ba. A nan tara na iya kai wa fam 2,500, ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko duka biyun.

Sai batun wane ne mahaifi. Sashe na 576 ya faɗaɗa ma'anar sosai. Ya haɗa da uwa da uba na jini, ko sun taɓa yin aure ko ba su taɓa ba, ko suna zaune da yaron ko ba sa zaune da shi. Ya haɗa da duk wanda doka ta ɗora wa nauyin yaron, da duk wanda yaron ke hannunsa yana kula da shi. Ke nan mijin uwa, matar uba, ko kakar da ke riƙon jika, kowannensu na iya samun tasa takardar.

Takardar tara kuwa ta shigo ne ta wata doka ta 2003, domin a rage cunkoso a kotuna: mutum ya biya kuɗi kaɗan, magana ta mutu ba tare da shari'a ba. A 2013, lokacin da Michael Gove ke ministan ilimi, aka janye damar da shugabannin makarantu ke da ita ta ba yaro har kwana goma don hutun iyali. Yanzu ba sa ba da izini sai a wani yanayi na musamman. Daga nan adadin takardun ya yi ta hauhawa. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 kaɗai an raba kusan 487,000, kuma tara cikin goma duk kan tafiye-tafiyen hutu ne a lokacin karatu.

Yadda abin ke kasancewa a aikace

A ɗauki misalin wani iyali na Hausawa mazauna Manchesta. Aure ya mutu, yara uku suna hannun uwa, uba yana ganinsu ƙarshen mako. Aka sa bikin ƙanwar uwar a Kano a tsakiyar zangon karatu, ta kwashi yaran suka yi mako biyu. Makaranta ta ƙi ba da izini. Idan ƙaramar hukuma ta bi ka'idar kowane yaro da kowane mahaifi, uwar za ta biya fam 240, uban ma fam 240. Idan aka yi jinkiri, kowannensu fam 480. Uban na iya zama bai ji labarin tafiyar ba sai da ya je ɗaukar yara ranar Asabar ya tarar da ƙofa a kulle.

A juya misalin. Uba ne ya karɓi yaran a makon da suke wajensa, ya wuce da su wata ƙasa, ya dawo da su bayan kwana goma. Uwar, wadda sunanta da adireshinta ne a kan gaba a rajistar makaranta, ita za ta fara ganin takarda. Alƙaluman Ma'aikatar Shari'a ta Birtaniya sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda ake gurfanarwa kan fashin makaranta mata ne. Saboda haka wannan magana ba ta iyaye maza ba ce kaɗai.

Wani zai ce ai a biya fam 80 a huta. Biyan yana kashe maganar, kuma ba ya zama hukuncin kotu. Amma sabon tsarin 2024 ya sa iyaka. Takarda ta biyu kan yaro guda cikin shekara uku fam 160 ce kai tsaye, babu rangwame. A karo na uku ba a ba da takarda, sai dai a duba wani mataki, wanda sau da yawa gurfanarwa ce. Wanda ya biya sau biyu don neman zaman lafiya ya cinye damarsa ke nan. Tafiya ta uku da tsohuwar matarsa ko tsohon mijinta zai yi na iya kai shi gaban alƙali.

Ma'aikatar Ilimi ta san da wannan. Jagorar da ta fitar, wadda ta zama wajibi a kan makarantu da ƙananan hukumomi a 2024, ta ce galibi a ba da takardar ga wanda ya bari yaron ya yi fashin. Kalmar "galibi" ita ce ramin. Ta bar wa kowace ƙaramar hukuma damar rubuta nata ƙa'idojin. Wata na tambayar wa ya yi tafiyar kafin ta aika. Wata kuma na aika wa duk sunan da ke cikin fayil, ta jira mai ƙorafi ya yi magana. Adalcin da mutum zai samu ya koma dogaro da unguwar da makarantar ɗansa take.

Darasin shari'ar Platt

Duk mai tunanin zuwa kotu ya kamata ya san labarin Jon Platt, wani ɗan kasuwa a tsibirin Isle of Wight. Shi da mahaifiyar 'yarsa sun rabu, yarinyar tana zama wajen kowannensu. A watan Afrilun 2015 ya tafi da ita Disney World a jihar Filorida ta Amurka, ta rasa kwana bakwai na karatu, bayan shugabar makarantar ta hana shi izini. Aka ci shi tarar fam 60, ya ƙi biya, ta koma fam 120, ya sake ƙi, aka gurfanar da shi.

Hujjarsa ita ce yawan zuwan yarinyar makaranta ya haura kashi 90 cikin 100, don haka ba za a ce ba ta zuwa a kai a kai ba. Kotun majistare ta yarda da shi a 2015. Babbar Kotu ma ta goyi bayansa a watan Mayun 2016. Iyaye da dama suka ɗauka ƙofa ta buɗe.

Ranar 6 ga Afrilun 2017 Kotun Ƙoli ta rufe ta. Alƙalai biyar, a hukuncin da Mai Shari'a Brenda Hale ta rubuta, suka ce zuwa makaranta a kai a kai na nufin zuwa bisa ƙa'idojin da makaranta ta gindaya. Idan ƙa'ida ta ce a zo kullum sai da izini, to ko fashin yini ɗaya na iya zama laifi. Aka mayar da shari'ar kotun majistare, aka same shi da laifi a watan Yuni, aka sallame shi bisa sharaɗin kada ya sake aikata laifi cikin wata 12, aka kuma umarce shi ya biya fam 2,000 na kuɗin shari'a. Rigimar da ta faro daga fam 60 ke nan.

Platt shi ya yi tafiyar da kansa, kuma yana sane da an hana shi. Hukuncin bai taɓa tambayar wanda bai yi tafiya ba, bai kuma yarda da ita ba. Amma ya taƙaita abin da kowane uba ko uwa zai iya faɗa a kotu. Daga ranar, kyakkyawan tarihin zuwan yaro makaranta ya daina zama kariya.

Ƙofar kotu da abin da ke bayanta

Hanyoyin kariya da doka ta lissafa kaɗan ne. Na farko, makaranta ta ba da izini. Na biyu, rashin lafiya ko wani dalilin da ba makawa ya hana yaron zuwa. Na uku, ranar ta kasance ranar ibada ce da addinin iyayen ya keɓe, kamar ranar Sallah, amma ita ranar kaɗai, ban da makonnin ziyarar gida. Na huɗu, ƙaramar hukuma ta kasa samar da abin hawan da doka ta wajabta mata. Tun daga wata shari'a ta 1949, kotuna suna fassara dalilin da ba makawa da abin da ya shafi yaron kansa, ban da halin da iyaye ke ciki.

"Ban sani ba" babu shi a jerin. "Na hana, ba a saurare ni ba" shi ma babu. A 2003 an ƙalubalanci wannan tsauri a Babbar Kotu, a shari'ar Barnfather da ƙaramar hukumar Islington ta Landan, bisa cewa ya saɓa wa haƙƙin samun shari'ar adalci. Kotun ba ta karɓi hujjar ba.

Ya kamata a fahimci cewa ba a gurfanar da mutum don ya ƙi biyan tara. Ana gurfanar da shi ne kan ainihin laifin fashin. Majistarori, waɗanda galibinsu 'yan sa-kai ne da wani masanin doka ke ba shawara, suna iya tausaya wa uban da bai ji ba bai gani ba, su sallame shi ba tara. Duk da haka an riga an same shi da laifi. Idan kuma suka ci shi tara, ana auna ta da abin da yake samu, a ɗora ƙarin kashi 40 cikin 100 na asusun tallafa wa waɗanda aka zalunta, sannan kuɗin shari'a. Lauyan gwamnati na kyauta da wuya a same shi, tun da ƙaramin matakin laifin ba ya kai wa ga ɗauri. Ga direban tasi, ma'aikacin jinya ko mai neman takardar zama ɗan ƙasa, waɗanda ake yi wa tambaya kan tarihinsu, hukuncin kotu ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin damuwar shi ne da yawan waɗannan ƙararraki ba sa zuwa zauren kotu ma. Ana bi da su ta tsarin da aka kawo a 2015, inda majistare guda ke yanke hukunci ta duba takardu kawai. Ana aika wa mutum wasiƙa, a ba shi kwana 21 ya amsa. Idan ya musanta, a sa ranar zama a bainar jama'a. Idan ya yi shiru, a yanke ba ya nan. Wanda ya bar gidan aure ya sake adireshi, makaranta kuma tana riƙe da tsohon, na iya samun labarin hukuncin ne a bakin masu karɓar bashi. Doka ta ba shi dama ya yi rantsuwa a rubuce cewa bai san da shari'ar ba, cikin kwana 21 daga ranar da ya ji, domin a sake ta daga farko. Ƙungiyar majistarorin ƙasar da kanta ta nemi a gyara wannan tsari a 2024.

Dokoki biyu masu karo da juna

Masu kare tsarin sukan ce uban da bai yarda ba ai sai ya hana. Da wane iko? Dokar Yara ta 1989 ta ce wanda kotun iyali ta ba umarnin yaro ya zauna wajensa na iya fita da shi daga Birtaniya na ƙasa da wata ɗaya ba tare da neman yardar ɗayan ba. Wato doka ɗaya ta ce uwar da yaro ke hannunta ba ta buƙatar izinin uba don tafiyar mako biyu, wata dokar kuma ta ce uban na iya ɗaukar alhakin kwanakin karatun da aka rasa a tafiyar.

Abin da ya rage masa shi ne ya nemi kotun iyali ta hana tafiyar. Kuɗin shigar da wannan buƙata ya haura fam 200, ya ninka tarar farko fiye da sau biyu, kuma sai idan ya san da shirin tun da wuri. Matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta, wadda wataƙila kotu ma ta hana shi kusantarta, ta yaya za ta tsare ƙofa ta hana shi wucewa da yara a kwanakin da suke wajensa? Gaba kura, baya sayaki.

Bincike na gwamnati ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan huɗu ne a Birtaniya ke rayuwa a iyalan da iyaye suka rabu. Dokar da aka gina kan zaton kowane yaro yana kwana a gida ɗaya da uwa da uba ta bar miliyoyi a waje.

Hujjar gwamnati tana da nauyi

Babu mai musun cewa fashin makaranta babbar matsala ce a Ingila. Kafin annobar korona, kusan kashi 11 cikin 100 na ɗalibai ne ke rasa kashi ɗaya cikin goma na kwanakin karatu ko fiye. Bayan annobar adadin ya haura kashi 20. Shekarar karatu kwana 190 ce kacal. Kotun Ƙoli ta yi gaskiya da ta ce yaron da aka ɗauke ba shi kaɗai ke asara ba: malami sai ya koma baya dominsa, sauran 'yan aji su jira, iyayen da suka bi ƙa'ida suka biya tikiti mai tsada a lokacin hutu su ga kamar an raina musu hankali.

Akwai kuma tsoron haɗin baki. Idan "ban sani ba" ya zama kariya, wasu za su fake da shi. Jami'in ƙaramar hukuma ba alƙalin aure ba ne, ba zai iya bin kowane gida ya gano wa ke faɗin gaskiya ba. Kuma bai dace uba ya wanke hannunsa daga karatun ɗansa don kawai ya saki uwar ba.

Duk waɗannan dalilai ne na a ci tarar wanda ya ɗauke yaro. Babu ɗaya a ciki da ya halatta cin wanda ba shi da iko. Amfanin tara shi ne ta sa mutum ya sake tunani kafin ya maimaita. Wanda bai yanke shawarar ba babu abin da zai sauya a halinsa. Abin da tarar ke ƙara masa shi ne sabon dalilin gaba da tsohuwar matarsa, kuma yaron da ake cewa ana kare wa karatu shi zai tsaya a tsakiya yana jin ana rigima da sunansa. Batun haɗin baki kuwa, ko an yi shi, wanda ya yi tafiyar bai tsira ba. Takardarsa tana nan.

Gyaran da ya kamata

Na farko, a cire kalmar "galibi" daga jagora, a mayar da ka'idar cikin doka: takardar tara ta tafi ga wanda yaron ke hannunsa a kwanakin fashin, ko wanda ya amince da shi. Na biyu, kafin a aika wa wanda ba ya gida ɗaya da yaron, a rubuta masa a ba shi 'yan kwanaki ya faɗi abin da ya sani. Na uku, a kafa hanyar ɗaukaka ƙara mai zaman kanta. A Ingila mai motar da aka manna wa takardar tara don ya ajiye ta inda bai dace ba yana da mai sasanci na musamman da zai saurare shi kyauta. Abin kunya ne a ce uban da aka ci tara kan ɗansa bai kai mai mota gata ba. Na huɗu, Majalisar Dokoki ta ƙara kariya ɗaya a sashe na 444, ga wanda ya nuna ba shi da iko kan zuwan yaron a ranakun, kuma ya yi abin da zai iya.

Maganar ta shafi Najeriya ta wata fuska. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi gargaɗi a karon farko ga iyayen da suka ƙi sa yaro a makaranta, sai tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, sai naira 5,000 ko wata biyu daga nan. Ana yawan kiran a tsaurara ta. A al'ummar da mutuwar aure da riƙon 'ya'yan dangi suka zama ruwan dare, duk mai son tsaurarawa sai ya fara amsa tambayar da Ingila ta tsallake: a hannun wa yaron yake?

Kafin doka ta sauya

Iyayen da suka rabu a Ingila suna da abin yi tun yanzu. Kowannensu ya tabbatar makaranta tana da adireshinsa da lambarsa na yanzu, ya kuma nemi a riƙa aiko masa da saƙonni daban. A kai wa makaranta kwafin umarnin kotun iyali, ko jadawalin kwanakin da yaro ke yi a kowane gida. Wanda ya ji ana shirin tafiyar da bai yarda da ita ba, ya rubuta wa shugaban makaranta kafin ranar, ya ajiye kwafi, ya ajiye saƙonnin waya da suka nuna ya ƙi.

Idan takarda ta zo, kada a jefa ta cikin aljihun tebur. A rubuta wa ƙaramar hukuma nan take, a haɗa da shaidu, a nemi ta janye. Doka ta ba ta ikon janyewa idan bai kamata a ba da takardar ba tun farko, ko an ba wanda ba shi ya dace ba, ko akwai babban kuskure a ciki. A karanta ƙa'idojin da ƙaramar hukumar ta wallafa a shafinta na intanet, a kafa mata hujja da su da kuma jagorar Ma'aikatar Ilimi. A tuna cewa rubuta ƙorafi ba ya tsayar da ƙidayar kwana 21 da 28. Idan ta ƙi janyewa, a nemi shawarar lauya ko ofishin ba da shawara na Citizens Advice kafin a zaɓi zuwa kotu, domin a can tambayar da za a fara yi ita ce ko yaron ya yi fashi, kuma amsarta tana cikin rajistar makaranta.